Waiwaye: Yadda Caca Ta Baro Bayan Tasha Ta Shigo Ɗakin Aure

A da ɗan caca ba ya ɓuya. Ko ya so ya ɓuya, harkar ba ta barinsa, domin dole ya fita ya nemi abokan yi, su sami wani kango ko bayan tasha ko gindin bishiya a gefen kasuwa, a shimfiɗa buhu a raba karta. Mai wucewa yana ganinsu, mai shayi ya san su, mai unguwa ya san su har da iyayensu. Tun kafin zuwan karta ma ana caca da wuri a ƙasar Hausa, a watsa a ƙasa a duba nawa suka kife, kuma tun a wancan zamani ɗan caca ba shi da daraja a idon jama'a. Ba a ba shi ajiya, alƙali ba ya sakin jiki da shaidarsa, uwa uba ba a ba shi aure. Idan dangin yarinya suka fita bincike, wani dattijo ya kawar da kai ya ce, "To, yaron kirki ne, sai dai yana ɗan taɓa karta," maganar ta mutu ke nan. A mayar wa dangin yaron da kayansu cikin mutunci.

Daga baya aka sami 'yan pul masu cike takardar wasannin Ingila, da injin kalokalo, da cacar lambobi irin ta Baba Ijebu da ta yi ƙarfi a Legas. Mu a nan muna yi musu kallon harkar Sabon Gari, abin da bai shafe mu ba. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Kano da sauran jihohi suka bi a shekarar 2000 da bayanta, gidajen caca na cikin wuraren da aka fara garƙamewa tare da gidajen giya. Mutane da yawa sun ɗauka an gama da wannan babi.

Ashe a daidai lokacin ake share wa wata sabuwa gona. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Gidajen kallon ƙwallo suka cika unguwanni: rumfar langa-langa, benci-benci, janareta yana kuka a waje, allo a bakin ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli. Kanu ya koma Arsenal a 1999 ya ja rabin gari zuwa can, Mikel ya je Chelsea a 2006 ya ja ragowar, 'yan Manchester da Madrid da Barcelona kuwa dama suna nan. Matasa suka haddace sunayen 'yan wasa, da wanda ya ji ciwo, da wanda koci ya ajiye a benci. Musu ne kawai ake yi a majalisa, wanda ƙungiyarsa ta sha kashi ya sha tsiya har mako ya zagayo. Kamfanonin caca ba su sha wahalar koya wa kowa komai ba. NairaBet ta fara a 2009, Bet9ja a 2013, sannan irin su SportyBet da BetKing da 1xBet suka biyo baya. Abin da suka ce wa yaro shi ne: wannan sanin ƙwallon da kake ɓatarwa a musu, zo ka mayar da shi kuɗi.

Wanda bai taɓa leƙa shagon bet ba ya kamata ya ji yadda yake. Ɗaki ne ƙarami, talabijin uku ko huɗu a bango, kanta a gefe da wani yaro a gaban kwamfuta. Mutum ya karanto masa wasanni ko ya ba shi lambar da abokinsa ya turo masa, ya miƙa naira 100 ko 200, inji ya fitar da doguwar takarda. A ƙasanta an rubuta abin da zai ci idan duk suka shiga, wani lokaci dubu ɗari biyar, wani lokaci miliyoyi. Ƙasan shagon cike yake da irin waɗannan takardu, an dunƙule an yar. Ɗan acaɓa yana nan, ɗan Adaidaita Sahu ya faka a waje da kuɗin balas a aljihu, ga ɗalibi, ga lebura da siminti a ƙafa. Duk da haka shago yana da ƙofa, kuma mai jin kunya yakan waiga kafin ya shiga. Magidanci mai gemu da tabon salla ba zai so surukinsa ya gan shi yana fitowa daga nan ba.

Waya ce ta kawar da wannan waigen. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, ya tilasta wa mutane da yawa buɗe asusu a waya, OPay ko PalmPay ko na banki. Daga wannan asusu zuwa na kamfanin caca daƙiƙoƙi ne. Yanzu mutum zai iya buga caca a ofis, a shago, a layin mai, a kan gadonsa matarsa tana barci a gefe. Ba ya ma bukatar jiran Asabar. Akwai wasannin da kwamfuta ke shiryawa, ƙungiyoyin bogi masu sunaye irin na gaske, a fara a gama cikin 'yan mintoci a sake sabo. Akwai kuma wasan da jirgi ke tashi a allo kuɗi yana ninkuwa, in ba ka cire ba ya ɓace da su. Waɗannan ba su da hutun kaka, ba su da dare. Albashin wata zai iya ƙarewa tsakanin Isha'i da Asuba ba tare da mutum ya sa takalmi ba.

Hujjar da na fi ji a bakin masu yi ita ce wai wannan ba sa'a ba ce, ilimi ne. To mu ɗan yi lissafi. A ɗauka wasa ne da ɓangarorin biyu suke kunnen doki a ƙarfi. Adalci shi ne wanda ya sa naira 100 ya ci, a ba shi 200. Kamfani ba zai ba shi haka ba, sai ya ce 190, misali. Mutum biyu sun zuba 200, an biya ɗaya 190, kamfani ya riƙe 10 ko wa ya yi nasara a fili. Wannan a wasa ɗaya ke nan. Shi kuwa mutuminmu ba ya buga wasa ɗaya, domin ribar ba ta burge shi. Sai ya jera goma a tikiti guda, kuma wancan ɗan kason na kamfani yana hawa kan kowanne, har ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ya kamata a biya. Sannan ko da kowane wasa cikin goman yana da damar shiga kashi 70 cikin 100, wato irin wanda suke kira tabbas, damar su shiga gaba ɗaya ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne: "Wallahi wasa ɗaya ne ya yanke ni." Ba ƙarya yake yi ba. Haka aka gina abin, tara su shiga ɗaya ya yanke, mutum ya kwana yana ganin saura ƙiris, gobe ya dawo. Ƙwallo kuma ba ta jin maganar masana. Leicester ta ɗauki kofin Firimiya a 2016 bayan 'yan cacar Ingila sun ba ta damar 1 cikin 5000. Saudiyya ta doke Ajantina da ci 2 da 1 a Ƙatar a 2022, ga Messi a fili. Masu sayar da "wasan da aka riga aka shirya" a Telegram da WhatsApp kuwa, tambaya ɗaya ta ishe su: in sun san sakamakon, me ya sa suke neman dubu biyun wani?

Wanda ya ci a farkon shigarsa ya fi kowa shiga uku. Wannan dubu hamsin ɗin da ya samu da naira 200 ita zai yi ta bi shekara da shekaru. Daga nan sai matakin da ba a neman riba kuma, ana neman a dawo da abin da ya tafi ne. An rasa dubu goma, sai a sa ashirin don a fanshe. An rasa ashirin, sai a ranto hamsin. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da gane wannan. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta mayar da jarabar caca rukuni ɗaya da jarabar giya da ƙwaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ta a cikin cututtuka. Mu da muka taso muna jin giya da caca a jere a cikin Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida ba mu da abin mamaki a nan. Kuma ba ta talaka kaɗai ba ce. Ivan Toney yana cin ƙwallaye a Brentford aka dakatar da shi wata 8 a 2023, likita ya tabbatar yana da jarabar caca. A shekarar aka dakatar da Sandro Tonali na Newcastle wata 10. Waɗannan mutane ne da albashinsu na mako ya fi abin da yawancinmu za mu gani a rayuwa, kuma sun fi kowane ɗan majalisar unguwa sanin ƙwallo. Su kansu ƙungiyoyin Firimiya sun amince a 2023 za su cire tallan caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26. Masu abin sun fara jin nauyinsa.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne cikin gida, don a nan ne ake biyan bashin da ba a san an ci ba. Ba rana ɗaya yake bayyana ba. Kuɗin cefane ne ke fara raguwa, nama ya ɓace daga miya, a ce albashi bai shigo ba, ko an yanke, ko kasuwa ce ba ta tafiya. A wannan zamani wa zai musa? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa kuka yake, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba ya kai iyali ƙarshen wata. Tsadar rayuwa ta zama mayafin da ɗan caca ke lulluɓa da shi. Mace ta yi haƙuri, ta fito da na adashinta ta cike giɓi. Sai a koro yara daga makaranta. Sai mai gidan haya ya fara sallama da sassafe.

Halinsa ma ya canza. Yana gida amma ba ya gida. Wayar tana hannunsa har banɗaki, ya sa mata lambar sirri, in mace ta matso ya kife ta. Ranar Asabar da yamma ba a yi masa magana, yaro ya taɓa shi ya sha tsawa. Wani dare ya shigo da tsire da lemo yana raha, a yi kwana huɗu kuma fuska a murtuke. Me mace za ta zata? Budurwa ya yi. Mata da yawa sun ɓata watanni suna kishi da wata wadda ba ta wanzu ba, wasu har da bin malamai a raba shi da ita.

Na zauna a wani sulhu na 'yar ƙanwata. Ta yi yaji, mijin ya zo biko da yayansa. Yaro ne mai ladabi, ma'aikaci, ba ya shan ko sigari, kuma ni ina cikin waɗanda suka yi bincikensa kafin aure, duk wanda aka tambaya yabo ya yi. Yayan ya fara da abin da aka saba, cewa zaman aure ɗan haƙuri ne, yau da gobe sai Allah. Yarinyar tana gefen tabarma, kanta a ƙasa, ta bari ya gama. Sannan ta buɗe jaka ta fito da ɗan akwatin sarƙarta ta ajiye a gabana a buɗe, babu komai a ciki sai auduga. Ta ce, "Kawu, ni ba talauci ne ya fito da ni ba. Da garin kwaki muke sha da gaskiya, wallahi zan zauna. Sarƙar nan Umma ce ta sayar da tumakinta ta saya mini. Da ta ɓace, tare da shi muka zazzage ɗakin muna nema. Yarinyar da ke taya ni aiki na kora a kanta, yana tsaye yana kallo." Mijin bai ɗago ba. Da yayansa ya matsa masa, abin da ya iya cewa shi ne, "Yaya, niyyata in na ci in sayo mata wadda ta fi ta."

Na yarda da gaske yake. Kusan dukkansu da wannan niyyar suke ɗauka, shi ya sa ba sa kiran abin sata. Amma a lura da abin da ya fi yi wa yarinyar ciwo. Ba gwal ɗin ba ne, tsayuwar da ya yi ne yana kallo ana korar marainiyar Allah a kan laifinsa. Aure yana jure yunwa, mun ga iyayenmu sun jure. Abin da ba ya jurewa shi ne mace ta kai matsayin da in mijinta ya ce mata an ɗauke wuta sai ta duba ƙwan fitila. Bayan sarƙa akan bi da keken ɗinki, da firjin da take sayar da ƙanƙara, da kayan ɗakin da iyayenta suka yi shekaru suna tarawa, alhali a shari'a dukiyar mace tata ce, miji ba shi da iko da ko cokali sai da yardarta.

Sai kuma bashin manhajojin waya, masu ba da rance cikin minti biyar da ruwa mai nauyi. In aka kasa biya, wasunsu sukan bi lambobin da ke cikin wayar mutum suna aika saƙon tozarci, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ta kai wa wasu samame a 2022. Ta haka surukai da yawa suka fara sanin halin da 'yarsu ke ciki: saƙo daga baƙuwar lamba cewa mijinta macuci ne a guje shi.

Ranar da aka ci ma ba lafiya ba ce. Mace mai tsoron Allah ta gane da kuɗin me aka sayo buhun shinkafar nan, ta dafa wa 'ya'yanta ko ta bar su da yunwa? Wannan tambaya tana isa gaban malamai, kuma duk amsar da aka ba ta, an riga an jefa ta cikin halin da ba ita ta jawo ba.

Laifinmu na dangi shi ne mun fi son rufin asiri a kan gyara. Uwa ta sayar da ɗan filinta ta biya wa ɗanta bashi a ɓoye don kada matarsa ta ji, ba ta san ta sake cika masa asusu ba ne. Wasu su ce sammu aka yi masa, a tafi neman rubutu da hayaƙi, wayar kuma tana aljihunsa. Ita matar, wadda ta riga kowa gani, ita ce ta ƙarshen da ake yarda da ita. In ta yi magana a ce ta cika ƙorafi, ko ta tona wa mijinta asiri. In ta gaji ta nufi kotu a ce ba ta da tarbiyya, alhali a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, rashin ciyarwa da cutarwa dalilai ne da alƙali zai iya raba aure a kansu. Abin takaici, sau da yawa don ta tsira da sauri sai ta zaɓi hul'i, ta mayar da sadaki ga mutumin da ya riga ya cinye mata kayan ɗaki. Ba na cewa mata ba sa yi, akwai masu bugawa da kuɗin cefane su ma, amma a yawancin gidajen da na sani mijin ne.

Hukuma ta ɗan motsa. A watan Oktoban 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan bet da dama, wasunsu sun fake da sunan gidan kallon ƙwallo ko na wasan gem. A watan Nuwamba na shekarar Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Legas da wasu jihohi suka shigar, cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, kowace jiha ita ke da ikon tsara harkar a cikinta. Wannan ya ɗauke wa gwamnonin Arewa uzurin cewa lasisin daga Abuja yake. Sai dai kwaɗon Hisba yana kama ƙofar shago ne kawai. Wanda aka kora daga shago ya koma waya, inda babu mai ganinsa, kuma can ne asarar ta fi sauri. In jihohi da gaske suke, sai sun zauna da bankuna da kamfanonin sadarwa a kan hanyar da kuɗin ke bi, da kuma tallan da ke faɗo wa yaro duk lokacin da ya buɗe Facebook ko ya zauna kallon wasa.

Kafin su yi, akwai abin da ke hannunmu. Binciken aure irin na da, na tambayar maƙwabta da liman, ba ya kama wannan cuta, domin liman yana ganinsa a sahun gaba. Waliyyi ya tambayi abokan yaron na kusa, waɗanda suke kallon ƙwallo tare, kuma ya dubi idon yaron ya tambaye shi kai tsaye. Ba rashin kunya ba ne, 'ya za ka ba shi. Wanda kuma ya riga ya faɗa, rantsuwa da Alƙur'ani a gaban dangi ba ta wadatar ba, da yawa sun rantse sun koma kafin sati. A zauna a rubuta duk bashin da ke kansa, ba tare da ɓoye ko sisi ba. A rufe asusun cacar a gaban shaida, a goge manhajojin. Albashinsa ko cinikinsa ya riƙa bi ta hannun wani amintacce na wani lokaci, a fara cire na abinci da haya da makaranta. In za a taimaka da biyan bashi, a miƙa wa mai bin bashin hannu da hannu, kada a ba shi. In abin ya kai ga rashin barci, ko ya fara maganar gara ya mutu ya huta, kada a tsaya jiran komai, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Ku kuma iyaye, idan 'yarku ta zo gida ta ce kayanta suna ɓacewa kuma mijinta ba ya rabuwa da waya, kada ku ce ta tashi ta koma tun ba ta sauke mayafi ba. Ku zaunar da ita ku ji zancen har ƙarshe, sannan ku aika a kira shi ya zo da wayar.